Gudun Nasiba da Magariba

Rana ta riga ta faɗa bayan tudun da ke yamma da Badaguishiri, hasken da ya rage a tsakar gidan Lawali bai wuce na ganin tafin hannu ba. Kaji sun shige akurki. Warin albasar da aka shanya ƙarƙashin rumfa ya cika gidan, ya gauraya da hayaƙin kara. Balki na durƙushe a kan tabarma, ta tsoma tsumma cikin ruwan ɗumi, ta matse, ta ɗora a gwiwar 'yarta Nasiba, tana yi tana kallon fuskar yarinyar don ta gane inda zafi ke farawa. Lawali ya tafi masallaci. Uwarsa, Inna Saude, tana ɗaki a kan buzu, kuma ba ta fitowa sai an yi lisha.

A kan kwanon ɗakin Balki dutsen farko ya faɗo. Bai yi ƙara sosai ba. Ya gangaro a hankali, ya ɗan tsaya a bakin kwanon, sannan ya sauka kusa da ƙafarta. Ta ɗauka. Baƙi ne, sumul, kuma da ɗumi, irin ɗumin abin da aka daɗe ana riƙe da shi a hannu.

Ta ɗaga kai ta dubi katangar da ta raba su da maƙwabciyarta Shatu. Tun ranar da Shatu ta ce a bakin rijiya wai ciwon yarinyar gado ne daga dangin uwa, gaisuwarsu ta koma ta nesa. Balki ta saurara ko za ta ji dariyar yara ko takun gudu. Ba ta ji komai ba sai ladani yana ida kiran salla. Da ta juyo, Nasiba ba ita take kallo ba. Ta ƙura wa murhu ido, leɓɓanta suna ɗan motsi.

"Da wa kike magana?"

"Ba kowa, Mama."

Shekarar Nasiba shida, ciwon kuma tun damina ya soma. Da farko ɗingishi ne na safe, wanda kan wuce kafin hantsi, har Lawali ya ce gudun lakwal ne kawai, wato makarantar boko. Sai gwiwar dama ta kumbura, ta hagu ta bi, sai wuyan hannu. Mai ɗori ya latsa ya ce ƙashi lafiya lau. An sha saiwa, an yi turare, an shafa man shanu. Daga ƙarshe Balki ta goya ta, yarinyar da ta wuce goyo, suka shiga mota zuwa Konni. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙafa, aka ce su komo. Da suka koma, lokotoro, wato likita, ya zaunar da su ya yi musu magana a hankali. Ya ce sanyin gaɓɓai ne irin na yara. Sojojin da Allah ya sa a jiki don su yaƙi cuta, su ne suka juya suna cin gaɓɓanta. Ya ce ba a cire shi kamar ƙaya, lallaɓa shi ake yi shekara da shekaru. Wani ya rabu da shi in ya girma, wani ya zauna da shi. Ya rubuta maganin ruwa na kullum da ƙwaya ta ranar Juma'a kaɗai. Ya nuna wa Balki yadda za ta riƙa lanƙwasa gwiwar tana miƙarwa bayan an gasa ta da ruwan ɗumi, ya ce a riƙa kawo yarinyar ana duba mata jini da ido.

Da aka kawo wa Inna Saude bayani, ta daɗe tana kallon ƙwayoyin a tafin hannun ɗanta.

"Sanyin ƙashi na tsofaffi ne irina," ta ce. "Ina aka taɓa jin jiki ya ci kansa? In ana cin yarinya, to akwai mai ci."

Lawali ya mayar da ƙwayoyin cikin takardarsu. Shi ba mai yawan magana ba ne. Da ya ga ruwan gashi safe da yamma yana hana tukunyar tuwo sauka a kan lokaci, sai ya ɗauko duwatsu daga wani kufai da ke gefen garkarsa ta albasa, ya ɗora su a amalanke, ya zo ya kafa wa Balki murhu na biyu a kusa da rumbu.

Jifan bai tsaya a dutse ɗaya ba. Kullum da rana ta faɗa sai ya fara, wani lokaci ɗaya ɗaya, wani lokaci kamar an watsa tsakuwa da ƙwarya, kuma ana sallame lisha sai ya ɗauke. Bai taɓa samun mutum ba. Randa ya fasa, da fitilar ƙwai da ke rataye a bango. Lawali ya shiga gidan Dogo, mijin Shatu, da dutse a hannu, suka yi maganar da ba su taɓa yi ba tun suna yara. Dogo ya rantse 'ya'yansa suna makarantar allo a wannan lokacin, ya ce in ana so a je a tambayi malaminsu. Lawali ya dawo gida da kunya, kunyar ta koma wani abu daban. Ya tuna cewa kullum Balki ce take fara ganin dutsen. Ya tuna kuma ta sha cewa da za su koma Konni kusa da asibiti, wurin yayanta, da yarinyar ta huta da jijjigar mota. Daga nan ya fara lura da hannayenta a ɓoye.

Ita ma Inna Saude tana da abin da ta ɓoye. Wata magariba tana jan casbi ta ji muryar Balki daga bayan rumbu tana kiran Nasiba, a hankali, da irin muryar da ake lallashin yaro. Ta ɗaga labule. Ga Balki zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa, bakinta a rufe. Tsohuwar ta saki labulen ta koma kan buzu. A ranta ta yanke cewa surukarta ta je wurin da bai kamata ba neman magani, kuma abin da ta je nema ne ya biyo ta gida. Daga ranar ta daina shan ruwan da Balki ta ɗebo.

Haka gidan ya zama. Ana cin tuwo a kwano ɗaya, kowa yana auna kowa.

Abin da Balki ta gani, ita kaɗai ta gani. Wata yamma ta shiga ɗaki ɗauko cokalin magani, ta bar Nasiba a kan tabarma da ƙafafu a miƙe, yadda ta saba barinta, don yarinyar ta daɗe ba ta iya tashi ba tare da an kama ta ba. Da ta fito, tabarmar babu kowa. Sai ta ji taku. Nasiba ta ɓullo daga bayan rumbu a guje, ta zagaya turmi, ta tsallake igiyar akuya, ta durƙusa har ƙasa a gaban sabon murhu, ta shafa duwatsun, ta miƙe tsaye ba tare da ta dafa komai ba. Ta sake zagaya gidan. Zaninta yana kaɗawa, ƙafafunta suna tayar da ƙasa.

Cokalin ya faɗi daga hannun Balki. Ta jingina da bango, hawaye suna zuba, ta ji dariya ta kuɓuce mata. Ta manta rabon da ta ga tafin ƙafar 'yarta ya bar ƙasa. Yarinyar ta zo ta tsaya a gabanta, ba ta haki. Ta dube ta daga sama har ƙasa, kallon da babbar mace kan yi wa ƙaramar yarinya. Ba ta ce Mama ba. Balki ta gane a lokacin, ganewar da ba ta bukatar a faɗa mata, cewa wadda ke tsaye a gabanta ba 'yarta ba ce kaɗai. Ta san addu'ar da ya kamata ta yi. Addu'ar tana kan harshenta. Amma abin da ya fito daga bakinta, can ƙasa ƙasa, shi ne, "Na gode."

Ana kiran lisha yarinyar ta koma kan tabarma ta kwanta, barci ya ɗauke ta nan take.

Balki ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce wa kanta wataƙila maganin Konni ne ya fara aiki ta wata hanyar da lokotoro bai faɗa ba. Ta ce wa kanta za ta yi magana gobe. Ta fara gaggauta Lawali zuwa masallaci, tana cewa ya zauna can har lisha kada ya yi ta kai da kawowa. Ta kan saka sakata a ƙofar zaure, ta zauna a bakin ɗaki, ta kalli 'yarta tana gudu cikin duhun da ke sauka, duwatsu suna faɗowa a kan kwano. Sai dai safiya ta ƙara muni. Da asuba Nasiba kan farka da kuka mara sauti, gwiwoyinta sun yi suntum, da zafi kamar an ɗora musu garwashi. Gashin da a da yakan sassauta su kafin hantsi, yanzu har azahar ba su lanƙwasu ba. Yarinyar ta daina surutu. In Balki ta kawo hannu za ta taɓa ta, sai ta kau da kai ta dubi bango.

Lawali ne ya ga sawun. Ya dawo daga sallar asuba kafin a yi shara, ya tsaya a tsakar gida yana kallon ƙasa. Ƙananan sawu ne, tsakaninsu da nisa, yatsu sun nutse cikin rairayi. Ya bi su da ido, ya ga sun zagaya rumbu, sun zagaya turmi, sun ƙare a bakin tabarmar Nasiba. Ya shiga ɗaki ya ɗaga ƙafar yarinyar ya duba tafin. Da ƙasa a tsakanin yatsunta.

Ya kira Balki waje. Inna Saude ta fito ta tsaya a ƙofar ɗakinta.

"Sawun wa ne wanga?" Lawali ya tambaya.

Balki ta kau da kai daga sawun, shi kuma ya matso kusa da ita.

"Ko dai ɗiyar nan tana tahiya, ku biyu kuna yi mini wasa da hankali, ko kuma akwai abin da kika sani ban sani ba. Wanne ne?"

"Tambaye ta inda ta je," Inna Saude ta ce. "Tambaye ta wa ta kai wa sunan jikata."

"Ban je ko'ina ba, Inna," Balki ta ce. "Wallahi ban je ba." Ta zauna a kan turmi, ta faɗa musu abin da take gani da magariba. Ta faɗi gudun, ta faɗi kallon, ta faɗi sakatar zaure. Abu ɗaya ta riƙe, kalmar da ta furta a ranar farko.

Lawali ya daɗe yana kallonta. Bai ɗaga murya ba. Ya shiga ɗaki ya sa riga, ya fita neman babur zuwa Illela don ɗauko malami.

Malam Almoustapha ya iso da la'asar sakaliya. Dattijo ne siriri, gemunsa fari, idonsa ɗaya ya yi hazo. An san shi a kasuwannin yankin da ruƙiyya, an kuma san shi da mayar da mutane asibiti in ya ga abin ba nasa ba ne. Ya ƙi zama a zaure. Ya shiga tsakar gida ya durƙusa a gaban Nasiba, ya yi mata wasa har ta yarda ya taɓa gwiwar. Ya sa aka kawo masa magungunan, ya juya su, ya tambayi yadda ake sha, ya mayar wa Balki.

"Na Juma'ar da ta wuce, ta sha?"

Balki ta sunkuyar da kai. "Da na kawo mata da yamma ta buge hannuna. Ban ƙara ba."

Malam ya miƙe. Ya zagaya gidan a hankali, ya tsaya a gaban sabon murhun ya daɗe. Ya sa aka kashe wutar. Sannan ya yi alwala, ya ce Lawali ya yi magariba a gida yau, ya shimfiɗa buzunsa a gefen tabarmar yarinyar.

Duhu ya fara taruwa a kusurwoyin gidan. Akuyar da ke ɗaure ta ja igiyarta har ƙarshe ta manne da katanga. Suna sallame salla dutse ya faɗo a kan kwano, wani ya biyo shi. Malam ya ɗora tafin hannunsa a kan Nasiba ya fara karatu, muryarsa ƙasa ƙasa, ba gaggawa. Yarinyar ta yi kamar mai gyangyaɗi. Can sai ta buɗe ido, ta naɗe ƙafafunta a ƙarƙashinta, ta zauna daram kamar tsohuwa a gaban ƙwaryar fura. Lawali ya ja numfashi. Tun damina bai ga gwiwoyin nan sun naɗu ba.

"Ɗauke hannunka, tsoho. Da zahi."

Muryar ta mace ce, mai kauri, a gajiye. Inna Saude ta fara salati.

"Wace ce ke?" Malam ya tambaya.

"Sunana ba naka ba ne."

"Daga ina?"

"Tambayi mai gidan. Shi ya tahi har ƙofata ya kwashe mini bango a amalanke. Tun ba a haƙa rijiyar garin nan ba nake zaune ga duwatsun can. Ya kawo su nan, matarsa tana hura musu wuta sahe da yamma. Kai ka taɓa kwana cikin murhu?"

Lawali ya buɗe baki, Malam ya ɗaga masa hannu.

"An yi miki ba daidai ba, bisa rashin sani. Za a mayar miki. Amma yarinya mi ta yi miki? Ke kika sa mata ciwon nan?"

Aka yi wata gajeriyar dariya a bakin yarinyar. "Komi ku ce mu. Nan na tarar da shi. Ciwonku ne na 'yan Adam, ban san kansa ba."

"Kina iya cire shi?"

Yarinyar ta kau da kai. Malam ya ci gaba da karatu, ya ɗan ɗaga murya, jikin yarinyar ya fara rawa.

"Ba ni iyawa. Tsaya. Na ce ba ni iyawa."

"To mi kike yi a jikinta?"

"Na zo rama abin da aka yi mini, na iske ta tana kuka kullum da asuba. Na shiga na ga ko mi ne. Na iske jiki ƙarami, mara nauyi. Na daɗe ban yi gudu ba." Kan yarinyar ya juya sannu a hankali, idanun suka sauka a kan Balki. "Kuma an karɓe ni. Gaya musu abin da kika ce mini, uwar ɗiya. Kin ce kin gode."

Balki ta ji idon mijinta a gefen fuskarta, ta ji surukarta ta daina salatin.

"Na faɗa," ta ce.

"To ku ji sharaɗina," muryar ta ci gaba. "Ku riƙe duwatsun, na bar muku. Jifa ya ƙare daga yau. Ku bar mini ita daga faɗuwar rana zuwa lisha, shi ke nan. Sauran yini taku ce. Kuma ku daina ba ta ƙwayar nan, tana sa ni jiri. Ke, wa ya taɓa tayar miki da ita in ban da ni? Lokotoro? Ya ce miki shekara da shekaru. Ni kullum ina nuna miki ita tsaye."

Malam Almoustapha ya dubi Balki da idonsa mai gani.

"Ina iya korarta da izinin Allah," ya ce. "Amma ƙofar da uwa ta buɗe, in ba ita ta rufe ba, ko na kore ta yau za ta komo. Ke za ki amsa mata."

Balki ta matso a kan gwiwoyinta har ta zo gaban yarinyar. Ta dubi fuskar da ta haifa, da ɗan tabon goshi, da haƙorin gaba da ya fara girgiɗi.

"In kina gudu da ita, ita tana ina?"

"Tana ciki. Tana kallo."

"Tana jin ƙafafunta?"

Iska ta kaɗa busasshen ganyen albasa a ƙarƙashin rumfa. Malam ya mayar da hannunsa kan yarinyar ya soma karatu daga inda ya tsaya, wannan karon bai sassauta ba. Bakin yarinyar ya murɗe, wuyanta ya sanƙare.

"Tana ji," muryar ta ce da ƙyar. "Ni ce ba ni ji. Ita tana jin kowane taku. Tana kiranki, amma bakin yana hannuna."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Balki, ba kuka ba ne sosai. Ta kama gwiwoyin nan biyu da suka naɗu, ta ji zafinsu ya ratsa zanin har tafin hannunta. Ta fara warware su a hankali, yadda lokotoro ya koya mata, ɗaya bayan ɗaya, har ƙafafun suka miƙe a kan tabarma.

"Na janye godiyata," ta ce. "Fita daga jikin ɗiyata. Ban yarda ba, ko na ƙiftawar ido."

"Za ki yi ta goyonta har bayanki ya karye."

"Bayana ne."

Daga nan abin bai daɗe ba, ko da yake ga waɗanda suke wurin ya yi tsawo. Aljanar ta nemi a yanka mata baƙar akuya, Malam ya ce ba a yanka don kowa sai don Allah. Ta nemi a bar ta ta kwana, ya ƙi. Abin da ya yarda da shi ɗaya ne, cewa za a mayar da duwatsun inda aka ɗauko su kafin rana ta sake faɗuwa, ba za a bar ko ɗaya ba. Ya sa ta yi alkawari da sunan Wanda ya halicce ta cewa ba za ta komo gidan ba, ba za ta bi yarinyar ko'ina ba. Ya ce kada ta fita ta ido, kada ta fita ta gwiwa. Ta ce za ta fita ta ɗan yatsan ƙafar hagu. Suna kallo yatsan ya yi rawa, ya miƙe, ya saki. Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta.

Sai kukan ya zo, da ƙarfi, da muryar Nasiba. Tana kuka tana cewa ƙafarta, ƙafarta. Inna Saude ta taso da kanta ta hura wuta a tsohon murhu, ta ɗora ruwa.

Da gari ya waye Lawali ya loda duwatsun a amalanke, har da ƙananan da aka yi ta jifa da su. Dogo ya gan shi a ƙofar gida yana fama, ya zo ya kama masa, ba wanda ya tayar da maganar baya. Malam Almoustapha, kafin ya hau babur, ya ce wa Balki nasa aikin ya ƙare, saura na Konni, kuma kada Juma'a ta sake wucewa ba a sha ƙwaya ba.

Balki na gasa wa yarinyar gwiwa da hantsi, su biyu kaɗai a tsakar gida, Nasiba ta yi magana tana kallon tsumman.

"Mama, don mi kike dariya in ina gudu?"

Balki ta tsayar da hannunta.

"Na zaci kin warke," ta ce. "Ban san kina kirana ba. Ki yafe mini."

Nasiba ta yi ɗan tunani. "Ruwan ya huce," ta ce.

A Konni lokotoro ya duba gwiwoyin ya ɓata rai, ya tambaya wa ya bar ta tana wahalar da su haka. Lawali ya dubi matarsa, sannan ya ce su duka ne. Aka zuƙe ruwan da ya taru a gwiwar dama, aka yi mata allura a ciki, aka ƙara ƙarfin maganin. Ciwon bai tafi ba. Wata safiyar da sauƙi, wata sai an goya ta zuwa lakwal. Tsakanin Lawali da Balki ma abin bai koma yadda yake da wuri ba. Ya daɗe yana yin magariba a gida, ita kuma ba ta tambaye shi dalili ba.

Bayan an yi girbin gero, wata rana da hantsi, Balki tana shanya wanki ta ji taku a bayanta. Ta juya ta ga Nasiba ta biyo ɗan akuya a guje, gudu mai ɗan karkata, ƙafar dama tana jan baya. Balki ta yar da zanin da ke hannunta, ta tare yarinyar, ta riƙe kafaɗunta da ƙarfi tana leƙa cikin idanunta.

"Wace ce ni?"

"Mama mana. Sake ni, zai tsere."

"Gwiwar fa? Tana miki zahi?"

"Kaɗan," Nasiba ta ce, tana haki.

Balki ta ƙara riƙe ta na ɗan lokaci, sannan ta sake ta.